Mafarkin ruwa ya ƙi rabuwa da ni tun ambaliyar 2022

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana cina a rai, na kasa faɗa a gida don kada in tayar wa iyali hankali, shi ya sa na kawo shi nan ko Allah zai sa a dace da mai sani.

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye ta wajen Auyo. A daminar 2022 ruwa ya shigo mana cikin dare. Ƙarar kwanuka suna karo da juna a tsakar gida ce ta tashe ni, ina sauko da ƙafa daga gado sai na ji ruwa har idon sawu. Kafin gari ya waye katangar zaure ta zube, rumbu biyu sun tafi, gona kuwa ba a maganarta. Alhamdu lillahi ba mu rasa rai ba. A ajin makarantar firamare muka zauna har ruwa ya janye.

Tun daga nan nake wani mafarki, kusan iri ɗaya kullum. Sai in ga ruwa ya cika tsakar gida, amma ba ya gudu, yana tsaye shiru kamar na randa. Mahaifina, wanda ya rasu shekara shida kafin ambaliyar, yana zaune a saman rumbu da tiya a hannunsa, yana ɗiban ruwan yana aunawa yana juyewa a buhu kamar mai awon gero. Ba ya ɗagowa ya dube ni. In na buɗe baki zan ce Baba sauko, sai murya ta ƙi fita. A nan nake farkawa, jiki sharkaf da gumi. Da rani yakan ɗauke, in yi wata uku ban gan shi ba, amma da zarar hadari ya fara haɗowa sai ya dawo. Shin saƙo ne ake aiko min, ko kuwa abin da na gani ne ya zauna min a kai?

Maman Walida:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kyauta namu zuwan. Mu dai abin da muka taso muka ji a bakin iyaye shi ne, idan mamaci ya zo maka a mafarki bai ce komai ba, to sadaka yake so. Ka sa a toya ƙosai ko waina ranar Juma'a a raba wa almajirai, ka je maƙabarta ka yi masa addu'a. Haka na yi lokacin da nake yawan ganin kakata, kuma na samu sauƙi.

Gardi Mai Allo:
Sadaka ga mamaci alheri ce, Maman Walida, ko da mafarki ko babu, ladan yana isa gare shi. Amma cewa shirun mamaci neman sadaka ne, wannan al'adarmu ce, ba hadisi ba. Abin da ya zo a Bukhari da Muslim shi ne mafarki kashi uku ne: na gari wanda yake bushara daga Allah, da na tsoratarwa daga Shaiɗan, da wanda mutum yake gani saboda abin da yake saƙawa a ransa. Na ukun nan ne mutanenmu suka fi mantawa da shi, komai sai a ce aljanu ko maƙiya. Ɗan Fadama, wanda ya farka ya tarar da ruwa a ƙarƙashin gadonsa, ya ɗauki 'ya'yansa a kafaɗa cikin duhu, in ya yi mafarkin ruwa ba abin mamaki ba ne. Abin da Annabi (SAW) ya koyar ga wanda ya ga abin ƙi shi ne ya yi tofi ta hagunsa sau uku, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan da sharrin abin da ya gani, ya juya kwanciyarsa ɗaya gefen, in da hali ya tashi ya yi salla, kuma kada ya riƙa ba mutane labarinsa. Aka ce ba zai cutar da shi ba.

Auta na Gujungu:
Allah ya gafarta Malam, to yanzu da ya riga ya faɗa mana, ya yi laifi ke nan?

Gardi Mai Allo:
A'a. Abin da ake gudu shi ne yaɗa shi ga kowa da kowa, wani ya fassara maka shi da sharri ka kwana da shi a zuciya. An yi izinin faɗa wa malami ko mai yi maka nasiha. Shi kuma neman mafita ya kawo shi, shekara da shekaru abu na hana shi barci. Nauyin yanzu yana kanmu ne, kowa ya auna abin da zai rubuta masa.

Baba Mai Awo:
Ɗana, ni ba malami ba ne, ma'auni ne, shekarata ta kai talatin ina zaune gaban tiya a kasuwa. Ruwan bai tsaya min a rai ba, kowa a yankinku ya san inda ya samo shi. Tiyar nan ce ta tsaya min. Mahaifinka sana'ar awo ya yi? Ko akwai wani lokaci da ka saba ganinsa da tiya a hannu?

Ɗan Fadama:
Baba, wallahi ka sa na ajiye waya na yi shiru. Bai taɓa awo a kasuwa ba. Amma duk kaka, in an gama sussuka, shi da kansa yake zama a bakin rumbu ya fitar da zakka. Ba ya yarda wani ya auna masa. Gero dami goma ya ware ɗaya, shinkafa kuma da tiya yake binta, yana ƙirgawa a hankali leɓensa na motsi, kuma in yana wannan aikin ko sallama ka yi da hannu yake amsa maka don kada lissafi ya ɓace masa. Haka nake ganinsa a mafarkin, kai a sunkuye. Bayan rasuwarsa ni na gaji zaman nan. Shekarar 2022 ce shekara ta farko tun da na yi wayo da ba a fitar da ko tiya ɗaya daga gidanmu ba. Mu ne ma aka kawo wa. Akwai tsofaffi biyu da suka saba zuwa karɓa duk shekara, na riƙa kauce musu a hanya don kunya.

Baba Mai Awo:
To ka gani. Allah ya yi maka albarka. Kunyar nan ce ba ta sake ka ba.

Gardi Mai Allo:
Ɗan Fadama, ka saurare ni da kyau a nan. Zakkar amfanin gona tana hawa kan abin da aka girbe ne, in ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, sa'i 300 ke nan. Wanda ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka yi wa ban-ruwa da wahala da kuɗi, kamar na injin rani, rabin haka. Shinkafar da ruwa ya cinye tana tsaye a gona kafin ta nuna, babu zakka a kanta. Ba ka ci haƙƙin kowa ba, ba ka karya al'adar mahaifinka ba. Wanda ya ba ka a sauran shekarun shi ya karɓa a waccan.

Nas ɗin Karkara:
Bari in ƙara ta ɓangaren aikinmu, ina aiki a ƙaramin asibiti a karkarar Ringim, kuma bayan ruwan 2022 mun ga masu irin wannan kuka da yawa, har da yara masu fitsarin kwance bayan sun daina.

Barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce. Yana zagayawa ne mataki-mataki, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu ko biyar a dare. A cikin kowane zagaye akwai matakin da idon mutum ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ku duba jariri yana barci za ku gani. A 1953 masu bincike a jami'ar Chicago ta Amurka suka gano cewa in aka tashi mutum a wannan matakin, galibi zai ce mafarki yake yi. Matakin ya fi tsawo a ƙarshen dare, shi ya sa mafarkin gab da asuba ya fi zama a kai. Kuma a lokacin ƙwaƙwalwa tana kulle naman jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Numfashi da ido kawai ke aiki. Don haka in ka ji kana son yin ihu ko gudu a mafarki abin ya ƙi, jikinka na gaske ma a kulle yake.

Mafarkin da ke maimaita kansa bayan mutum ya tsallake rijiya da baya sananne ne a wurinmu, kuma yakan taso in wani abu ya tuna masa, kamar ƙanshin ƙasa ko rugugin hadari. Ka lura da kanka ka ce da rani yana ɗaukewa.

Auta na Gujungu:
Anti Nas, kullewar jikin nan da kika faɗa, ita ce dannau? Ni yana yi min sosai lokacin da nake gadin shago a Kano. Ido biyu, ina ganin silin, ina jin motsin mutane a waje, amma ko yatsa ba na iya ɗagawa, ga wani abu baƙi a bakin ƙofa.

Nas ɗin Karkara:
Ita ce. Kai ka farka, jiki bai gama buɗewa ba, ragowar mafarkin kuma tana haɗuwa da ɗakin da kake gani. Daƙiƙu ne zuwa 'yan mintuna, yana sakinka da kansa. Ya fi kama mai ƙarancin barci, da mai barci ba kan lokaci ba irin masu gadi, da mai kwanciya rigingine. Gwada kwanciya ta gefe.

Inna Ta Gidan Liman:
'Yata, ni na haura sittin, kuma na yarda da karatunki. Amma kada ku mayar da komai ƙwaƙwalwa. Daren da ƙanina ya rasu a hanyar ci-rani, babu waya a lokacin, mahaifiyarmu ta tashe mu tsakar dare tana salati, ta ce ta ga an shigo da rigarsa a ninke an ajiye mata a cinya. Lafiya lau ya bar gida, ba ta da dalilin tunanin komai. Sai bayan kwana uku ɗan aike ya iso. Ni ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Nas ɗin Karkara:
Allah ya jiƙansa Inna, ya jiƙan mahaifiya. Ban musa ba ko kaɗan, ni ma Musulma ce, na san mafarkin gaskiya yanki ne cikin 46 na annabta. Abin da na sani a aikina shi ne yadda jiki yake yi lokacin barci, iyakata ke nan.

Direban Haɗeja:
Ɗan Fadama, na karanta naka jikina ya yi sanyi, don ni ma ina da nawa. Golf nake ja tsakanin Kano da Haɗeja. Kun san abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura daren 15 ga Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi, mutane suka taru, ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu. Ni ban ga wutar ba. Da safe na biyo da lodi, aka tsayar da mu, na sauko. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Abin da ya bi ni gida shi ne takalma, silifa ƙafa ɗaya-ɗaya a gefen kwalta, da wari.

Na fi wata huɗu ina mafarkin ina tuƙi, fasinja cike da mota, ina duba madubi sai in ga kujerun baya ba kowa sai silifa a jere a kan kujera, kowanne a mazauninsa. In taka birki ya shige ƙasa ba ya kamawa. Na daina cin tsire, ƙaurinsa kawai in na ji a tasha to daren nan ba barci. Na kai ga ina shan abin da bai kamata ba don in samu in runtsa, da na daina kuma mafarkin ya ninka har na kusa komawa. Wani babban direba a tasharmu ne ya zaunar da ni, ya ce shi ma ya taɓa shiga irin wannan bayan wani haɗari, ya raka ni wurin likita. Yanzu da sauƙi sosai, amma har gobe in na zo Majiya sai na kashe rediyo na yi musu addu'a.

Maman Walida:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Sannu Direba.

Nas ɗin Karkara:
Direba, na gode da ka faɗi wannan, don maza ba sa faɗa. Ninkawar da ka gani bayan ka daina shan abin nan sananniya ce, ƙwayoyi da yawa suna danne matakin mafarki, in an daina sai ya dawo da ƙarfi na ɗan lokaci kafin ya daidaita. Mutane da dama a nan suke komawa ruwa, suna zaton ciwon ne ya ƙaru. Duk wanda mafarki ya hana shi barci fiye da wata guda, ko ya fara gudun wani wuri, ko zuciyarsa na bugawa da ƙaramin motsi, ya je asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, akwai na Kazaure a Jigawa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Yaro Mai Majaujawa:
Nawa ba na tashin hankali ba ne kamar na yayyena, amma shi ma daga aiki yake. Duk shekara in shinkafa ta fara ɗaukar nono ni ake turawa tsaron tsuntsu. Tun kafin fitowar rana nake kan dakali a tsakiyar gona, ina jan igiyar gwangwanaye ina ihu har magariba. Wanda bai taɓa ganin jan-baki sun taso daga cikin kachala ba ba zai gane ba, kamar hayaƙi suke, su karkata nan su karkata can, in suka sauka a fadi ɗaya minti kaɗan sun gama da ita. To da daddare ina rufe ido su nake gani, tun ma barci bai ɗauke ni sosai ba. Wani lokacin sai in ga taurari ne suke saukowa kan shinkafar suna ci. Ƙanina ya ce hannuna har jan igiya yake yi ina barci.

Mai Tuwon Tasha:
Haka nake da tuƙin tuwo. Ranar kasuwa in na tuƙa tukunya shida, da dare ina kwance ina ganin muciya na juyawa. Ni ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, gajiya ce.

Mai POS:
Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a layin banki, ni ma kusan kullum sai na yi mafarkin an ba ni bandir na sababbin kuɗi, ina ƙirgawa suna komawa ganyen zogale suna zubewa ta tsakanin yatsuna, ga layi a gabana har bakin titi kowa na miƙo kati. Da kuɗi suka wadata ban sake yinsa ba.

Maman Walida:
To ni tambayata, cin abinci a mafarki fa? An ce in aka ba ka abinci ka ci, sammu ne ake ba ka. Da azumin bara, da zafin nan, sau da yawa in na kwanta bayan azahar sai in ga ina shan kunun tsamiya da ruwan randa mai sanyi. Har tsoro ya kama ni.

Gardi Mai Allo:
Mai ƙishirwa ya yi mafarkin ruwa, Maman Walida, ina sammu a nan? Kuma azuminki yana nan daram, abin da aka ci a mafarki ba ya karya shi.

Hajiya Yaya:
Don Allah ku bar ni in yi magana a kan wannan, don ya taɓa gidanmu. Yayata ta yi mafarkin maciji ya shigo ɗakinta ya naɗe a ƙarƙashin gado, sau biyu a mako ɗaya. Aka kai ta wurin wani mai duba a wani ƙauye, ya buga ƙasa ya ce mace ce a cikin gida, doguwa, mai tsaga a kumatu. Kishiyarta ke nan ya siffanta, kuma ai duk wanda ya tambayi 'yan rakiya zai sani. Mata biyun nan shekara goma sha ɗaya suna zaune lafiya, suna yi wa juna wankan jego. Daga ranar ko gaisuwa ta ɗauke. 'Ya'yansu da suka tashi a kwano ɗaya aka raba musu kwano. Abin da babu wanda ya tsaya ya tuna shi ne, kwana kaɗan kafin mafarkin an kashe kububuwa a cikin karan da aka jingine a bayan ɗakinta, ita ce ma ta fara ganinta ta yi kururuwa. Yayata ta rasu ba su shirya ba. Kishiyar ce ta yi mata wanka tana kuka. Shi ya sa Ɗan Fadama nake roƙonka, duk wanda zai ce maka wane ne ya turo maka ruwa, ka tashi ka bar wurin.

Inna Ta Gidan Liman:
Wannan gaskiya ne Hajiya. Ni da na ce akwai mafarkin gaskiya ban ce a kai wa masu buga ƙasa ba. Mahaifiyarmu ba ta je wurin kowa ba, alwala ta yi ta hau sallaya har asuba.

Ɗalibin Dutse:
Ina bin maganar tun farko, kuma ina ganin kamar mun raba abin gida biyu: ko dai saƙo ne, ko kuwa tunani. Ni a ganina in har an gano inda kowane yanki na mafarkin ya fito, ruwa daga ambaliya, tiya daga zakka, rashin murya daga kullewar jiki, to magana ta ƙare, babu sauran saƙo. Littafin fassarar mafarkin da ake sayarwa a bakin masallatai ma, wanda ake jingina wa Ibn Sirin, malamai da yawa sun ce ba shi ya rubuta shi ba.

Gardi Mai Allo:
Maganarka ta ƙarshe haka take. Muhammad ɗan Sirin tabi'i ne, mutumin Basra, ya rasu shekara ta 110 bayan Hijira, an san shi da fassara, amma littafin da ke yawo da sunansa an tattara shi ne daga baya. Kuma buɗe shafi a ce maciji kaza ne, haƙori kaza ne, ba tare da sanin mai mafarkin ba, shi ne ya jefa gidan su Hajiya Yaya cikin abin da ta faɗa.

Amma ta farkon ban bi ka ba. Buɗe Suratu Yusuf. Sarkin Masar shanu bakwai masu ƙiba ya gani ramammu bakwai suna cinye su, da zangarniya bakwai ɗanyu da wasu busassu. Shanu da zangarniya ai su ne abin da mai mulkin ƙasar noma yake gani yake tunani kullum. Fadawansa suka ce tarkacen mafarki ne. Sai ga shi gaskiya ne, shekara bakwai na wadata da bakwai na fari. Fursunoni biyun ma, ɗaya ya ga yana matsar giya, ɗaya ya ga gurasa a kansa tsuntsaye na ci. Sanin inda kayan mafarki suka fito bai isa ya yanke hukunci a kansa ba. Ni dai ban ce na Ɗan Fadama saƙo ne ba, alamunsa sun fi kama da kashi na uku. Amma ƙa'idar da ka kafa ta yi faɗi.

Ɗalibin Dutse:
Na karɓi gyara a kan ƙa'idar, Malam. Sai dai can akwai Annabi da ya fassara. Mu a nan wa zai rarrabe mana?

Baba Mai Awo:
Ku yi ta muhawararku 'ya'yana, tana da amfani. Ni dai Ɗan Fadama nake jira. Tsofaffin nan biyu da kake kauce wa, suna raye?

Ɗan Fadama:
Ɗaya ya rasu bara, Baba. Ɗayan yana nan, kuma shekarun da suka biyo baya na kai masa, sai dai yaro nake aikawa, ban taɓa zuwa da kaina ba.

Jiya na yi abin da na daɗe ban yi ba, na faɗa wa maiɗakina. Ashe ta sani. Ta ce duk daren da aka yi ruwa tana jina ina ta ƙoƙarin magana cikin barci, kuma ina tashi sau biyu sau uku in haska ƙarƙashin gado da tocila, ni ban ma san ina yi da yawa haka ba. Ta nuna min wani abu kuma: kusurwar ɗakinmu tana yoyo, takan tara tsohon kwanon sha a wurin, ɗigon yana sauka a kansa ƙwal, ƙwal, har gari ya waye. Da na saurara da kunnen farke, sautin bai da maraba da na tiya in ta bugi bakin buhu mai cika. Sannan ta ce ita ma tana da nata, takan ga tana ƙirga yara a cikin kwalekwale kullum ɗaya ba ya cika. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa.

Nas ɗin Karkara:
Alhamdu lillahi da kuka yi maganar. Sautin da ke kusa da mai barci yana shiga mafarki, kamar yadda kiran salla ko kukan jariri ke shiga. Ka toshe yoyon, kafin nan ku sa tsumma a cikin roba maimakon kwano. Akwai kuma wata hanya da likitocin wannan fanni suke koyarwa: da rana, kana zaune hankali kwance, ka sake tsara mafarkin yadda kake so ya ƙare, ka riƙa maimaita shi a ranka 'yan mintuna kullum. Misali Baba ya gama awo, ya ɗago ya amsa maka, ruwan ya janye. Yana taimaka wa mutane da yawa. Ita ma maiɗakin ta gwada da nata. In damina ta raba bai sassauta ba, ku zo asibiti ku biyun.

Gardi Mai Allo:
Ka haɗa da abin da ka sani: alwala kafin kwanciya, kwanciya ta dama, Ayatul Kursiyyu, ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki sau uku. Ba sa karo da abin da Nas ta ce.

Inna Ta Gidan Liman:
Ni dai har yanzu zuciyata tana ba ni cewa uba ba ya zuwa wa ɗansa haka kawai. Ka yi sadakar da Maman Walida ta ce, kuma tsohon nan ka je da ƙafarka.

Manomin Miga:
Ɗan Fadama, mu nan sama da ku muke, abin da ya wuce ta kanmu ku yake iskewa. In aka yi ruwa mai yawa a Kano, madatsun ruwa na Tiga da Challawa suka cika suka tumbatsa, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa, to sai dai addu'a. Ni mafarkin da nake yi bana ido biyu nake yinsa. Yaya kogi yake ta wajenku? Kun fara jinga?

Ɗan Fadama:
Mun fara tun makon jiya, kowane gida an yanka masa buhu ashirin na ƙasa. Ruwa bai kai tushen giginyar da muke auna shi da ita ba tukuna, saura kamar kamu uku. Na hau na liƙe yoyon da safen nan, kwanon kuma an ɗauke. Inna, in Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko zan je gidan tsohon da kaina, akwai ragowar shinkafar rani. Daren jiya an yi yayyafi ban ga komai ba, amma dare ɗaya ne, zan dawo in faɗa muku in an yi ruwa mai ƙarfi.

Direban Haɗeja:
Allah ya tsare. In kuna buƙatar buhuna ku yi magana, ana samun na hannu da sauƙi a Gujungu ranar Lahadi, zan iya sauke muku a bakin hanya in na biyo.